Layin da Na Tsallake a Takardar Kasafi

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Yau an zo an ɗauke ni a keke Napep. Na fara rubuta wannan ne domin na manta rabon da wani ya zo ƙofar gidan nan neman wani abu a wurina, in ba duba mara lafiya ba.

Turai ce ta shigo, mai ƙosan bakin masallaci, hannunta duk mai. Ta ce, "Baba Akawu, tashi ka sa babbar riga, yau ranarka ce." Na ce wace rana kuma, ko an biya bashin fansho ne? Ta ce a'a, ƙaramar hukuma ce ta liƙa kasafin kuɗinta a allon sanarwa na sakatariya, shafi-shafi, wai kowa ya je ya gani. "To mun je mun gani. Turanci ne da lambobi kamar ƙwan kifi. Kai ne ka san harshensu."

Abin da suke so su sani ɗaya ne. Rijiyar burtsatsen unguwarmu ta shekara biyu ba ta ba da ruwa ba, jarka kuma ta kai naira ɗari biyu a wurin 'yan garuwa. Suna so su ji ko an taɓa sa gyaranta a takarda.

Mun tafi da mata huɗu da maza uku. A shafi na goma sha ɗaya na same ta. Gyaran rijiya da sa mata sola, tare da kwamitin ruwa na unguwa, naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, a kasafin bara. Na karanta da ƙarfi, sau biyu. Wani ya ce, "To Baba, kuɗin ya fita ke nan?" Na ce shekara talatin da huɗu na yi a baitulmali tun zamanin En'e, abin da ya shiga littafin ƙiyasi aka sa masa hannu, kuɗi ne, ba zance ba.

Har wasu da ba na unguwarmu ba suka matso, kowa a duba masa tasa. Na duba wa mutumin Zugurma maganar wata kwalbati. An saya mini lemo mai sanyi.

Ƙafa ta kumbura, amma ba komai.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

Na yi barci sosai. Mutum uku sun tsaya gaishe ni a zaure.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Eunice ta kawo tuwo jiya kamar kullum, miyar ayayo. Ba ta zauna ba, tana makin jarrabawar 'yan ajinta. Ban gaya mata na je sakatariya ba. Ban ɓoye ba, maganar ce ba ta taso ba.

Ya kamata in rubuta ko wace ce, ko da wani zai buɗe littafin nan bayana. 'Yar Filibus ce, mutumin Tungan Magajiya, wanda ya yi masinja a ofishinmu shekara ashirin, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shi ya riƙe mini kan makara ranar da muka kai matata Hadijatu, ko da yake bai shiga sahun salla ba. Tun rasuwarsa 'yar take zaune a gidan ita kaɗai, tana koyarwa a firamare. Ita ce sakatariyar kwamitin ruwa, domin ita ce mai haƙurin rubuta wasiƙa ta kai, ta koma ta sake kaiwa. Tun da Hadijatu ta tafi, a tukunyarta nake ci.

Turai ta leƙo da hantsi. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon sama, wajen rufin Eunice.

"Baba, kwanon nan yana kashe ido. Yaushe ma aka buga shi?"

Na ce bayan damina.

"Bayan damina. Bara ke nan." Ta yi dariya. "Albashin malaman firamare ya yi albarka."

Na ce mata ta ji tsoron Allah. Gonar ubanta ta sayar a Tungan Magajiya, ni na rubuta takardar cinikin da hannuna, a zauren nan. Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Kai ka ce mana kuɗi ya fita. Rijiya ba ta gani ba. To ina ya shiga, Baba Akawu? Kai ne mai lissafi."

Na karanta abin da aka rubuta. Iyakar abin da na yi ke nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Zafi. An ɗauke wuta tun jiya. 'Yan garuwa sun wuce ƙofar Eunice ba su tsaya ba, na ji tana kira.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, bayan magariba

Ban je masallacin Jumma'a ba saboda ƙafa. Da ma na je, da ban ji ba.

Maza suna masallaci aka zo. Na ji ƙarar jarkoki, fanko, ana jefa su ɗaya bayan ɗaya a ƙofarta. Na ji muryoyin da na sani tun suna goye a baya. Ban fita ba. Sandata tana can jingine da gado, ni ina nan kan tabarma, kafin in kai gare ta ma an gama. Haka na gaya wa kaina.

An yi rubutu da gawayi a bangonta. Na gani da na fita alwala. Ba zan kwafa shi a nan ba. An haɗa har da abin da bai shafi ruwa ba, abin da ban taɓa ji an ce wa Filibus ba a shekara arba'in.

Tuwo ya zo a kan lokaci. Ta ajiye, ta ce, "Baba, ka sha maganinka?" Na ce na sha.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Ta zo ta zauna yau, a kan turmin Hadijatu da aka kife. Ta ce ta je sakatariya da sassafe ta ga takardar da idonta.

"Baba, me ka karanta masu?"

Na ce abin da aka rubuta.

"Akwai layi na biyu a gefensa, a tsaye. Samansa an rubuta abin da aka kashe. Namu babu komai, ɗan zane ne kawai. Ba a saki ko sisi ba. Ka gan shi?"

In ranta ya ɓaci Hausarta takan koma irin ta ubanta, ta riƙa jan ƙarshen magana. Yau haka ta yi.

Na ce idona ba kamar da ba ne, kuma gilashin allon yana ƙyalli.

Ta ce ta gaya wa mai unguwa, ya ce zai bincika. Ta gaya wa Turai, Turai ta ce ai wanda ake tuhuma ba ya karanta wa kansa shaida. "Ba za su ji daga bakina ba, Baba. Kai suka ji. Kai za su sake ji."

Na ce bari ƙafar ta saɓe, in koma in duba da kyau. Bai kamata mutum ya janye magana ba tare da ya tabbatar ba.

Ta dube ni. Ta ce, "To, Allah ya ba da sauƙi." Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ta tafi coci ta ƙofar baya.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Ina ta tunanin ofishinmu na da. Ma'aji yana zaune a tsakiya, akwatin ƙarfe a bayansa mai makulli biyu. Kafin a rubuta ƙiyasi sai an san yawan masu haraji da yawan shanun jangali, gunduma-gunduma. Ba a rubuta fam ɗaya da ba a san kansa ba. In an ce rijiya fam arba'in, fam arba'in ɗin suna cikin akwati suna jiran magini. In shekara ta ƙare ba a haƙa ba, akwai wanda zai tsaya ya yi bayani, gumi yana zuba. Haka aka koya mini a Zariya, haka na yi aiki. Ko bayan da abubuwa suka canja, ni ina ɓangaren albashi, ban ƙara taɓa littafin ƙiyasi ba.

Ban yi ƙarya ba. A zamanina gaskiya ce.

Yara biyar da ke zuwa darasin yamma a wurinta, yau babu ko ɗaya. Nakan ji su ta katanga suna rera biyu sau biyu.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Na sa an kira mini Mahfuz. Ɗan abokin aikina ne marigayi, yanzu yana ofishin kasafi a sakatariya. Ya zo a babur da rigar aiki, ya durƙusa har ƙasa, ya kawo mini lemun zaƙi.

Na tambaye shi kamar tambayar wani ce ba tawa ba.

Ya ce, "Baba, kasafin yanzu fata ne. Muna rubuta abin da muke so mu yi in kason wata-wata ya zo yadda aka zata. In ya zo, albashi ne farko, sai fansho, sai abin da ya taso ba shiri. Abin da ya rage shi ake raba wa ayyuka. Rijiyarku tana cikin ayyuka fiye da talatin da ba a taɓa ba bara. An sake sa ta bana."

Na ce to me ya sa ake rubuta abin da babu?

Ya ce in ba a rubuta ba, ko kuɗin ya zo ba za a iya kashewa ba. Ya ce kuma ko an saki, ba ya bi ta hannun kwamiti, ɗan kwangila ake biya. Aikin kwamiti shi ne ya nuna wuri ya kuma kula da famfo.

Sai ya sunkuyar da kai. Ashe shi ne ya yi ta naci wata shida kafin a yarda a liƙa takardun. Ya ce ya zaci in mutane sun gani za su huta da zato. "Ban yi tunanin wa zai karanta masu ba, Baba. Yanzu ana cewa a ofis, kun gani ko, ga abin da liƙawa ta jawo." Labari ya kai masu ke nan. Bai ce ya san wanda ya karanta ba. Yaro mai kunya ne, irin ubansa.

Na ce ya zo ya gaya wa mutanen unguwa da bakinsa. Ya ce sai an ba shi izini, kuma ko ya zo za a ce gwamnati ce take wanke kanta. Amma zai kawo mini kwafin shafin da hatimi.

Ya tafi. Ban ci lemun ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da safe

Gobe zan je in gyara maganar.

Laraba, bayan magariba

Liman ya aiko a tambaye ni yadda ake rubuta takardar ƙorafi zuwa hukumar ilimi. Ban tambaya a kan wa ba. Na ce hannuna yana rawa, ba na iya rubutu yanzu.

Ga shi kuwa ina rubutu.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Eunice ta tafi.

Ta ce Ista za ta yi a Tungan Magajiya wurin gwaggonta. Kowace shekara takan je da jaka ɗaya. Yau na ga an ɗaura akwati biyu da keken ɗinki da katifa a bayan mota.

Ta shigo da leda, garin kunu ne da ƙuli-ƙuli da sukari, da maganina na wata guda an rubuta safe da yamma a jikin kowane. Ta ba ni littafin kwamitin ruwa in miƙa wa mai unguwa, ta ce ta ajiye aikin. Ta ce ta shigar da takardar neman canjin makaranta zuwa Rijau. In an amince, za ta sa 'yan haya a gidan.

Na ce, "'Yata, ki ba ni kwana biyu."

Ta ce, "Na ba ka biyar, Baba."

Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Da ta rage da ya fi mini sauƙi.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Kunu.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Kunu da ƙuli-ƙuli. Ɗana Abdulaziz ya bugo daga Kaduna, minti biyu. Ya ce Baba lafiya? Na ce lafiya lau. Ya ce akwai abin da nake bukata? Na ce babu. Ya ce zai turo wani abu ƙarshen wata.

Na buɗe littafin kwamiti. Bai kamata ba, amma na buɗe. Wasiƙa goma sha bakwai cikin shekara biyu, kowace da kwafinta da ranar da aka karɓa. Kuɗin keke zuwa sakatariya ta rubuta a gefe, ɗari uku, ɗari huɗu, a ƙarƙashi ta sa "daga aljihuna". Ko a ofishin Ma'aji ban ga littafi mai tsabta haka ba.

Ban kai wa mai unguwa ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Babu motsi a bayan katanga.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Zan rubuta yanzu tun kafin gari ya waye sosai in sami wata hujja.

Na ga layin.

Gilashi bai yi ƙyalli ba, allon yana cikin inuwa. Tabarau yana idona. Na ga miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, na ga layi na biyu a gefensa da ɗan zane a ciki, na ga rubutun da ke samansa. Kalmomi ne da ba mu yi aiki da su ba a zamaninmu. Ban gane ba. Ƙofar ofishin Mahfuz ba ta fi taku ashirin daga inda nake tsaye ba. Amma mutum bakwai ne a bayana, har da ƙari, sun yi shiru suna jiran bakina, wata tana cewa ku matsa ku ba Baba iska. Shekara nawa rabon da a yi shiru domin in yi magana? A ce Baba Akawu ya juya ya ce bari in tambayi yaro?

Na ɗora yatsa a kan layin farko, na bar shi a can.

Allah ya gani. Filibus ma, da yana nan, da ya gani, domin shi ya san yadda nake yi da fuska in lissafi ya ƙi fita.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Mahfuz ya kawo shafin da hatimi. Na sa shi ya zauna ya koya mini layukan ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Abin da aka yi niyya. Abin da aka kashe. Abin da aka sake niyya bana. Uku ne kawai. Minti goma ba su cika ba.

Na rubuta su da Hausa a bayan takardar, da manyan baƙaƙe. Ya karɓa ya duba, ya ce da haka aka liƙa tun farko. Ya ɗauki hotonta da waya.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na je. Daga ƙofata zuwa kaskon Turai ba nisa, amma sau uku na tsaya. Na zaɓi safiya domin a lokacin mata suke taruwa jiran ƙosai da 'yan garuwa, kuma su ne suka kai jarkoki.

Turai ta ce, "A'a, Baba Akawu da kansa! A ba shi benci. Na nawa za a zuba?"

Na ce ban zo saye ba, kuma ba zan zauna ba. Na ce kuɗin rijiya bai fita ba, ko sisi. Na nuna takardar, na karanta layi uku. Na ce ko ya fita ba ya bi ta hannun Eunice.

Wata ta ce, "An saye tsoho." Aka yi dariya. Wata ta ce ai dole, wanda ke ci a tukunyar mutum.

Na ce tukunyar ta tafi kwana shida ke nan, kunu nake sha. Sannan na faɗi ɗayan, wanda na rubuta shekaranjiya. Na ce ba kuskuren ido ba ne. Na gani ban gane ba, na ji kunyar tambaya a gabanku, na faɗi abin da ban sani ba. Ta zo ta roƙe ni in gyara, na ce mata ƙafa.

Babu wanda ya yi dariya a nan. Ƙosai yana ƙonewa, Turai ba ta juya ba.

Ta ce, "Baba, da girmanka?"

Na ce da girmana.

"Ka san abin da ka sa muka yi?"

Na ce na san abin da na yi. Abin da aka rubuta a bango kuwa ba ni na ba da gawayin ba, kowa ya ɗauki nasa.

Ta kwashe ƙosan da ya ƙone ta watsa wa kaji. Na dawo ni kaɗai, sau biyar na tsaya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zazzaɓi. Ba wanda ya tsaya a zaure.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Na maimaita a masallacin unguwa, Liman ya ba ni dama bayan sallama. Ya fi na mata wuya, domin maza ba sa cewa komai, carbi kawai suke ja. Mai unguwa ya karɓi takardar ya juya bayanta inda Hausar take, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Na miƙa masa littafin kwamiti, na ce ya ƙirga wasiƙun.

Liman ya ce takardar ƙorafin ba a kai ba tukuna, kuma ba za a kai ba.

Da muna fita na ji wani matashi yana cewa, "Akawun zamanin fam da sule." Abokansa suka ƙyalƙyale. Bai yi ƙarya ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Na ji ana goge bango. Na leƙa. Turai ce da mata biyu, da tsintsiya da omo. Jarka biyu suka saya, ɗari huɗu ke nan, a wannan tsadar. Gawayin ya fita, amma wurin ya fi sauran bangon haske, ana gane inda aka yi.

Da ta gan ni ta ce, "Koma ciki, kada ka faɗi a ce mu ne." Da azahar an aiko da ƙosai da koko, ba saƙo.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Turai ta buga wa Eunice waya sau huɗu, ba ta ɗauka ba. Ta zo ta ce in buga da tawa. Ta shiga, ta yi ta ƙara har ta katse.

"Ka ga abin da ka jawo, ko kai ba ta ɗauka."

Na ce na gani.

Ta ce gobe ba za ta soya ba, za ta shiga motar Rijau. "In ta kore ni, na ji da kunnena. Me zan ce mata daga wurinka?"

Na ce ta gaya mata abin da na faɗa a bakin kasko, duka, kada ta gyara mini.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan magariba

Turai ta dawo. Ta ce an karɓe ta, an ba ta ruwa da abinci, gwaggon ce ta yi ta faɗa da yarensu. Eunice ta saurara har ƙarshe. Na ce me ta ce? Ta ce, "Ta tambaya ko kana shan magani."

Shi ke nan?

"Shi ke nan."

Laraba, 30 ga Afrilu

Mahfuz ya bugo. Ba a cire takardun ba. An yarda ya liƙa shafi ɗaya na Hausa a gefensu. Rijiya kuwa, ya ce kada in sa rai kafin ƙarshen damina, kuma kada in ce ya ce.

Ba zan ce ba. Na daina cewa.

Jumma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Eunice ta dawo. Jaka ɗaya. Akwatunan da keken ɗinki suna can.

Ta yi sallama ta tsaya daga bakin ƙofa. Na ce ta shigo ta zauna, ta ce a nan ma ya yi. Ta rame. Na fara magana, na shirya ta tun kwana goma, amma ta ɗaga hannu.

"Turai ta gaya mini. Na gode da ka faɗa. Kowa yana kuskuren karatu, Baba, kullum ina gani a aji. Ba shi ne ya yi mini ciwo ba. Ranar Jumma'ar nan na san kana ciki. Ina jin tarinka ta katanga."

Na ce ki yafe mini, 'yata.

Ta ce tana ƙoƙari. Ta ce hutu ya ƙare, dole ta koma aji ranar Litinin, takardar canji kuma ba ta fito ba. In ta fito za ta ga abin da za ta yi. Ba ta janye ta ba, kuma kada in tambaye ta.

Ban tambaya ba.

Asabar, 3 ga Mayu

An yi ruwa da asuba, na farko mai ƙarfi. Kowa ya fito da baho da bokiti. Mai unguwa ya je gidanta da littafin kwamiti, ya fito da shi a hannu, ba ta karɓa ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Ta tafi coci ta ƙofar gaba. Turai ta gaishe ta da ƙarfi yadda duk layin zai ji, ta amsa a hankali.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Na ji sara a bayan katanga. Na ɗauki sanda na je wurin da ginin ya ɗan zube, inda nake iya gani. Tana duƙe da fartanya a bayan ɗakinta, tana ta da kunya uku a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na ce sannu da aiki. Ta ce yauwa, ba ta ɗago ba.

Na ce me za a sa?

"Kuɓewa."

Na ce kuɓewa sai ta yi wata biyu kafin a fara tsinka.

Ta ce, "Na sani, Baba. Koma ka zauna, ƙasar da santsi."